Ƙwaryar da Teku Ta Mayar

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tara ruwa wuri guda, ya zuba gishiri a wani ya bar wani da daɗi. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don idan na fara ba na son a katse ni. Ni ne Mantau gyartai, ɗan gyartai, jikan gyartai, wanda ya taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, ya hau ruwan da tsuntsu ke gajiya kafin ya ƙetare, ya dawo da ƙafafunsa yana ba da labari.

A garinmu Dumawa, da can idan ƙwarya ta fashe ba a yar da ita. A kira ni, in zo da basilla da zaren kaba, in huda, in ɗinke, in miƙa wa mai ita ta zuba nono ko ɗigo ba ya fita. Ba yabon kai ba, ɗinkina ko iska ba ta ratsa shi. Ana nan sai roba ta shigo gari. Kwano roba, ludayi roba, tulu ma aka mai da shi jarka. Na yi ta zagaya unguwanni ina kiran sana'ata har muryata ta dushe, karnuka kaɗai ke amsa mini. Rannan wata mata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, kana ɗinka leda?" Ban ko koma gida ba. Na soke basillata a ƙugu, na ce sai na nemo ƙasar da ƙwarya ke da daraja, ko da a bayan duniya take.

Na ratsa ƙasar Masu Dogon Wuya, inda ake tsinkar dabino a tsaye ba sai an hau ba. Na ratsa dajin da itatuwansa ke matsawa su ba baƙo hanya idan ya yi sallama, in bai yi ba ya kwana yana zagaye. Ko'ina na sauka sai in tarar roba ta riga ni isa, har ta yi 'ya'ya. A haka na kai bakin Koren Teku, na shiga jirgin wasu fatake da sharaɗin in riƙa ɗinka musu buhuna.

Wata rana da tsakar rana hadari ya taso mana ba sallama. Sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya miƙe tsaye ya fi rimi tsawo, jirgin ya yi ƙara ɗaya ya rabe biyu. Ni da ko rafin garinmu ban taɓa haye shi da iyo ba, sai ga ni tsamo-tsamo a tsakiyar teku ina haɗiyar gishiri. Abin da ya hana ni nutsewa, in gaya muku gaskiya ko da ba daɗi, jarka ce. Na rungume maƙiyiyata da hannu biyu kamar uwar da ta haife ni, ina zaginta ina ƙara ƙanƙame ta.

Ban san iyakar abin da na yi a kan ruwa ba. Na dai farka na ji an soka mini ƙugiya a wuyan riga ana ja. Na ɗaga ido na ga wata tsohuwa a kwale-kwale, gajeriya, baƙa, ba haƙoran gaba, da damtse irin na maƙeri.

"Kifi ne ko mutum?" in ji ta.

"Mutum ne, Inna."

"To, hawo. Kifi muka fi bukata, amma ba a raina abin da ruwa ya kawo."

Sunanta Inna Tasalla, tsibirinsu kuma Gaɓawa. Ta kai ni ɗakinta, ta matse mini ciki na amayar da rabin teku, ta yi ta ɗura mini kunu da ludayi har ƙafafuna suka yarda su ɗauke ni. Ba ta tambaye ni ɗan waye ba, sai dai kullum ta ce ina da ci kamar gara. Na so matar nan, wallahi. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya zage ni da daɗi irin nata.

Da na warware na fara yawo, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Kowace ranar kasuwa da la'asar, gida-gida sukan fito da ragowar abinci, su ƙulle a leda ko su ɗura a gorar roba, su ɗaura zare mai shaidar gidansu, su tara a gaɓa. Inna Tasalla ta loda a kwale-kwale, ta tura can inda ruwa ke gudu, ta sauke da sandarta mai ƙugiya.

Na ce, "Inna, shara kuke zubarwa da wannan ladabi haka?"

Ta buge mini ƙeya. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Aike ne. Teku maƙwabciyarmu ce, kullum ita ke aiko mana da kifi. A garinku maƙwabciya ta aiko da abinci, haka kuke mayar mata da kwano wayam?"

Ta ce tun kaka da kakanni haka ake yi, ita kuma ce Uwar Gaɓa, 'yar aiken gari. A zamanin uwarta a ganye ake naɗewa, a sa a tsohuwar ƙwarya. Da fatake suka kawo leda da robobi masu launi, sai mutane suka ga ai rowa ce su riƙa ci a abu mai ƙyalli su aika wa Maƙwabciya a tsohon ƙoƙo. Aka koma aika mata a roba don girmamawa. Shekara da shekaru ruwa na kwashewa, kowa na murna.

"To yanzu fa?" na tambaya, don na ga fuskarta ta canza.

"Yanzu mayarwa take yi."

Ta ja ni bayan tsibirin. Gaɓa ce doguwa, amma yashinta ba ya ganuwa, leda ce da gora da silifas iyakar ganinka, ruwa na ta ƙara tofo wasu. Masunta sun dawo da 'yan kifaye a ƙasan kwando, aka farke cikin wani babba a gabana, aka zaro leda shuɗiya mai zaren wani gida a jikinta. Mata suka kama baki. Duk wanda ka duba ya rame, kuma maganin da suka sani ɗaya ne: Maƙwabciya ta yi fushi, a ƙara mata aike. Suka ninka ledar, ta ninka mayarwa.

Ba a jima ba aka buga ganga, gari ya taru a gaban Dogara, Magajin Gaɓa. Ɗan wan Inna Tasalla ne, ita ta goya shi da uwarsa ta rasu. Al'adarsu ta ce idan Maƙwabciya ta yi ta mayar da aike, to ɗan aiken ne ba ta so. Sai a sa shi a kwale-kwale ba abin tuƙi, a tura mata shi ta yi yadda ta ga dama, a naɗa wani. Dogara ya yi ta kewaye-kewaye, jama'a na matsa masa, daga ƙarshe ya yanke hukuncin yana kallon ƙasa.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Ɗago kanka," in ji ta. "Magaji ba ya magana da yatsun ƙafarsa."

Aka ba ta butar ruwa da ƙullin busasshen kifi, aka bar mata sandarta, samari suka tura kwale-kwalen. Ni ina tsaye cikin taro zuciyata na tafasa. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Sai kawai na ji ƙafafuna na gudu, na faɗa ruwa har wuya, na kama gefen jirgin na yi tsalle na zube a ciki.

"Kai wane irin shashasha ne?" in ji Inna Tasalla. "Na tsamo ka da ƙyar za ka koma?"

"Inna, kunun da na sha ne ya hana ni tsayawa."

Ta yi tsaki, ta raba kifin biyu ta miƙo mini babban rabon.

Ruwa ya ɗauke mu a guje. Ashe a cikin teku akwai koguna, masu gudu fiye da doki, kuma wanda muka hau shi ne wanda ke kwashe aiken gari. Muka wuce duwatsun da ke numfashi suna fitar da hayaƙi. Muka wuce wani kifi da ya bi gefenmu, tun hantsi muke ganin kansa, sai azahar muka ga wutsiyarsa. Ni dai ina ƙanƙame da jirgi ina ihu, rabi tsoro rabi daɗi, don ban taɓa tafiya da sauri haka ba tun da aka haife ni.

Da muka cinye kifin, butar ma ta kusa ƙarewa, sai muka fara jin busa. Kamar masu sarewa dubu ne suka haɗu kowa da nasa take. Can sai ga ƙasa fara fat ta ɓullo a gabanmu, da tuddai da kwaruruka, tana ƙyalli cikin rana. Na yi tsalle na ce mun tsira. Jirgin ya shige cikinta ya tsaya, na zura ƙafa, ƙasar ta lotsa kamar katifa. Na duba da kyau. Ba ƙasa ba ce. Roba ce zalla, ta taru ta cukuikuye ta zama tsibiri wanda ya ninka Gaɓawa, busar nan kuwa iska ce ke shiga bakin goruna.

Kai, na ga abin mamaki a wurin nan. Na ga ƙaguwa dubbai sanye da murafun kwalba a madadin ɓawo, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna tafiya a jere kamar 'yan biki. Na ga tudu guda na silifas, duk na ƙafar hagu. Na ga wata babbar tsuntsuwa tana ɗura wa ɗanta murfin gora a baki da iyakar ƙaunarta, ɗan na haɗiyewa, ga 'yan'uwansa a kwance gefe sun bushe. A nan dariyata ta tsaya.

Muna cikin lallaɓawa a kan wannan ƙasa mai lilo, sai ta motsa a ƙarƙashinmu. Wani abu ya taso daga ruwa, baƙi, mai gashi, ya fi gidan sarki faɗi, yana juyawa a hankali. Na ce dodo ne. Inna Tasalla ta ce, "Taru ne, gudu." Tarun kamun kifi ne da wani jirgi ya yar, ba mai shi, amma bai daina aiki ba. Yana yawo yana kamu shi kaɗai, cike da ƙasusuwan kifi da kunkuru. Kafin in juya ya naɗe mini ƙafa ya ja ni ƙasa. Ruwa ya rufe kaina, na ga haske na nisa. Na lalubo basillata na shiga tsinka igiya ɗaya-ɗaya, ai wanda ya san ɗinki ya san inda ake kama shi ya saki. Ƙafata ta fita daidai lokacin da numfashina ya ƙare, sai na ji ƙugiyar nan a wuyan rigata.

"Wannan rigar taka ta fi ka hankali," in ji Inna Tasalla tana haki. "Ita kullum tana inda zan same ta."

Na kwanta ina tari ina dariya. Da na ɗago sai na ga ta durƙusa, tana juya wata gora a hannu. Zare ne ɗaure a wuyan gorar, ja da baƙi.

"Na gidan Nomau ne," ta ce a hankali. "Na bikin 'yarsa. Yarinyar yanzu tana da jikoki."

Ta ɗauki wata, ta ɗauki wata. Tana rarrafe tana kiran sunayen gidaje, na rayayyu da na matattu. Ta tono wata leda da ta koɗe, ta ce wannan a shekarar da aka naɗa ta ta sauke ta da hannunta. Abincin ciki ya ruɓe ya zama baƙin ruwa, ledar kuwa ko ƙwarzane babu. Ta zauna daɓas, hawaye na bin kumatunta.

"Gyartai, ko loma ɗaya ba ta ci ba. Tun ina da haƙora nake kawo mata, ashe ƙulle mata baki nake yi."

Na zauna kusa da ita. Ba ta daɗe tana kuka ba, ba halinta ba ne. Ta fyace hanci, ta miƙe ta ce gida za mu, kuma ba hannu sake ba.

Nan fa aiki ya tashi. Na tattaro buhunan roba da manyan ledoji na shimfiɗa, na zare igiya daga jikin tarun nan, na ɗinka wani ƙaton zane na kama iska. Ni Mantau, jikan gyartai, zaune a tsakiyar teku ina ɗinka leda. Da matar nan ta katanga ta gan ni da sai an ɗauke ta don dariya. Muka kafa zanen da wani dogon bututu, muka mai da murfin bokiti abin tuƙi. Muka yanki wani sashe na tarun muka cika shi da aike mai shaidar gidaje har ya yi tudu, muka ɗaure a bayan jirgi. Da iska ta juya, zanen ya kumbura ya yi ƙara, jirgin ya zabura. Inna Tasalla na riƙe da tuƙi tana waƙar masunta da muryarta mai kama da ta ƙofar langa-langa, ni ina amshi ban san kalma ɗaya ba.

Da Gaɓawa suka hango mu, rabinsu suka watse suna cewa fatalwa. Muka ja tudun nan har kan yashi, Inna Tasalla ta farke tarun, kaya suka zube. "Kowa ya zo ya ɗauki nasa," in ji ta. Mutane suka matso a tsorace. Wannan ya ga zaren gidansu, waccan ta ga ƙullin da uwarta marigayiya kaɗai ta iya. Dogara ya rugo zai rungume gwaggonsa, sai wani dattijon masunci ya tare shi da sanda. Mutumin nan ba mugu ba ne, jikokinsa ne ke kwana da yunwa.

"Ranka ya daɗe, a duba da kyau," in ji shi. "Da aike take mayarwa. Yanzu ta mayar da aiken, ta mayar da 'yar aiken. Wannan fushi ne ya kai maƙura. Sai dai a ɗaura mata dutse, yadda ba za ta iya dawowa ba."

Jama'a suka fara gyaɗa kai. Inna Tasalla ko gezau.

Ta ce, "Na ji. Ku ba ni aike ɗaya tak, gobe da hantsi, irin na zamanin uwata: tuwo a ganye, cikin tsohuwar ƙwarya. Idan ya dawo gaɓa, ku ɗaura mini dutsen, ba zan ce uffan ba. Idan bai dawo ba, to ku saurara. Daga ranar ko ƙyallen leda ba zai sake taɓa ruwa ba. Kasuwa a koma ganye da kwando. Bafataken da ya sauke mana kaya a roba, ya loda fankon robarsa ya koma da shi inda aka ƙera ta, in ya ƙi kada a kama masa igiyar jirgi. A kafa shingen gwangwala a bakin rafi ya tare abin da ke gangarowa. Kowane jirgi da ya fita kamun kifi, ya dawo da buhu guda na abin da muka zuba. Mu muka kai, mu za mu kwaso."

Aka amince, Dogara ya sa hannu a ƙirji ya shaida.

Da safe ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da ƙwaryar uwarta. Ita kaɗai ta rage a duk tsibirin. Ta ajiye ta a tsakar gida ta tafi yankan ganye. Na ɗauka na juya, sai ga tsaga a gindinta, doguwa, tun daga tsakiya har kusa da baki. Ku da ba gyartai ba ba za ku gane ba. Na ƙetare ƙasashe da teku ina neman fasasshiyar ƙwarya, ga ta yau a hannuna. Yatsuna suka fara ƙaiƙayi. Na kuma yi tunani irin na mai hankali: ran Inna na rataye da kada ƙwaryar nan ta dawo, to ai sai ta yi nisa, kuma ƙwarya mai yoyo ina za ta kai? Na zaro basilla. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin na ran nan ba. Da ta dawo na karɓi ganyen na shimfiɗa a ciki kafin ta duba, na zuba tuwon da kaina, na rufe, na ɗauko a ka har gaɓa ina taƙama.

Gari duk ya fito. An riga an ɗaura wa Inna Tasalla igiya a ƙugu, ɗaya bakin na jikin wani dutsen niƙa. Ta karɓi ƙwaryar a rufe, ta shiga ruwa iyakar tsawon igiyar, ta ɗora ta, ta tura da sanda.

Ƙwarya ta tafi tana rangaji kamar amarya. Na dafa kafaɗar Dogara na ce, "Ranka ya daɗe, dubi tafiya." Ya juyo fuskarsa ba jini.

"Me ya hana ta nutsewa? Ta kakanninmu tun a can take cika da ruwa ta sauka."

Sai a lokacin na gane. Tsagar nan ita ce ƙofar da teku ke shiga ta karɓi abincinta, ni kuwa na rufe ƙofar na sa sakata. Iskar hantsi ta taso daga teku. Ƙwaryar ta tsaya, ta juya, ta kamo hanyar gida. Na yi ta hura mata iska da baki kamar mahaukaci. Ta zo lafiya lau, ko ɗigo bai shige ta ba, ta daki ƙafar Inna Tasalla ta tsaya.

Mata suka fashe da kuka. Samari biyu suka sunkuya suka ɗaga dutsen. Inna Tasalla ta ɗauki ƙwaryar, ta ji nauyinta, ta leƙa gindinta. Ta daɗe tana kallon ɗinkin, sannan ta nemo ni da ido.

"Gyartai, aikinka ne?"

"Nawa ne, Inna."

Sai ta yi dariya, dariya sosai, har dasashinta ya bayyana. Ta miƙa wa wata mata ƙwaryar. "Duba nan. Ke za ki yar da wannan?"

Matar ta shafa ɗinkin da yatsa ta ce, "Wa zai yar? Ai ta fi sabuwa."

"To Maƙwabciya ma tana da ido," in ji Inna Tasalla, ta ɗaga murya kowa ya ji. "Ta ga ƙwarya da sauran aiki a jikinta, ta mayar mana mu mora. Ba ta karɓar abin da bai mutu ba. Ganye na mutuwa ta ci, tsohon ƙoƙo na mutuwa ta ci. Leda kuwa kun gani da idonku, ta bikin kakanninku na nan da ranta. Da wane haƙori za ta tauna ta?"

Dattijon nan ya ce, "Magana ta yi daɗi. Amma alkawari cewa ya yi idan ta dawo."

Kowa ya juya ga Dogara. Gumi na zuba daga haɓarsa. Ya dubi dutsen, ya dubi gwaggonsa, wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Alkawari cewa ya yi tsohuwar ƙwarya irin ta zamanin da," in ji shi. "Wannan baƙo ya sabunta ta. A mayar da ita yadda take a sake. In ta kuma dawowa, ni zan ɗauki dutsen da hannuna."

Inna Tasalla ta miƙo mini ƙwaryar. "Warware."

Tun da na kama basilla ban taɓa warware ɗinkina ba. Na durƙusa a yashi gari na kallona, na shiga zare zaren nan ɗaya bayan ɗaya, ina gudun kada in ƙara tsagar a ce na yi maguɗi, ina gudun kada in bar ta a rufe. Basilla ta soke ni a yatsa ban ji ba. Da na zare na ƙarshe, tsagar ta buɗe baki, na hango yashi ta cikinta.

Ta sake shiga ruwa ta tura. Ƙwaryar ta tafi, iska ta tare ta, ta juya kamar ɗazu ta fuskanto mu. Wata mata a bayana ta fara salati. Ta matso. Ta ƙara matsowa. Har ina iya ganin jijiyar ganyen da ke kanta. Sai ta yi nauyi, ta karkata gefe guda, ruwa ya leƙa bakinta, ta yi wani ɗan ƙugi ta shige. Inda ta nutse ruwan ya fara tafasa. Ƙananan kifi ne, ɗaruruwa, suna wawar tuwo suna walƙiya, wasu har tsalle suke.

Ba wanda ya yi motsi. Muka tsaya muna jira, ruwa na zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa, bai kawo komai ba sai kumfa. Dattijon ne ya fara sauke sandarsa ƙasa. Daga nan wata ta rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka, ni kuwa na tsinci kaina ina rawa da wani ƙaton masunci da ban taɓa gaisawa da shi ba.

Dogara bai yi rawa ba. Ya ruga cikin ruwa da rigarsa, ya durƙusa gaban gwaggonsa ya kama igiyar ƙugunta zai kwance. Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure tam, ya ja nan ya ja can, ya sa haƙori, abu ya ƙi. Inna Tasalla ta tsaya tana kallon tsakar kansa. Can ta buge masa hannu.

"Matsa. Tun kana goye ba ka iya kwance ko zariyar wandonka ba."

Ta kwance da kanta, ja ɗaya. Magajin Gaɓa ya kifa fuskarsa a gwiwarta yana kuka kamar yaro, a gaban talakawansa duka. Ta dafa kansa da hannu ɗaya, ta bar shi ya yi mai isarsa, ruwa na dukan ƙafafunsu.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a Gaɓawa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ɗinke bakin labari, ku tashi lafiya.